Hoton Mma a Kan Babur

Matar da ta shekara fiye da talatin tana yi wa mamatan matan unguwarmu wanka ta daina, kuma ni ne sanadi. Mma muke ce mata, babba da yaro. Ita ta wanke mahaifiyata. Zan faɗi yadda abin ya faru daki-daki, don na gaji da jin ana ba da labarin ana cire ni daga ciki.

Mahaifina mai ɗaukar hoto ne. Yana da ɗan shago a bakin titin da ya ratsa unguwarmu a Zangon Kumasi, ɗaki ɗaya da aka raba da labule, gaba wurin jira, baya wurin ɗauka. A bangon baya akwai wani babban ƙyalle da mai zanen allunan shaguna ya zana masa: titi mai kwalta, dogayen benaye, jirgin sama a samansu. A gaban ƙyallen ya ajiye wani tsohon babur wanda ban taɓa jin ƙarar injinsa ba. Hawa ake yi, a ɗauki hoto, a sauka.

Da ya rasu shagon ya koma hannun mai gyaran waya, babur ya tafi wurin masu tsohon ƙarfe, ƙyallen kuwa ban san inda ya shiga ba. Abin da ya zo hannuna akwatin katako ne, aikin kafintocin unguwar Anloga, cike da fim, wato baƙaƙen ledojin nan da ake wanko hoto daga jikinsu. Kowanne yana cikin ambulan ɗinsa mai ruwan ƙasa. Baba bai rubuta suna a kan ko ɗaya ba. Shi fuska yake riƙewa.

Ni aikin rediyo nake yi, a sashen Hausa na wata tasha a cikin gari. Kowace Juma'a da yamma, bayan sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, ina da 'yan mintuna da nake karanta abin da ke gudana a gari ta fannin zane da al'adu: baje kolin masu zane, bikin masaƙa, sabon ɗakin nuna kayan fasaha da aka buɗe a wani wuri. Takardun suna zuwa da Turanci, ni in mayar da su Hausa in karanta. Na yi shekaru ina wannan, ban taɓa karanta guda ɗaya da ya shafi Zango ba. Mu sai an yi gobara ko rigima, ko lokacin zaɓe ya zo, ake jin sunanmu. Abin yana ci mini rai, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata damina danshi ya shiga akwatin. Na buɗe na tarar ambulan-ambulan ɗin sun yi fumfuna, wasu sun manne da juna. Na sayo sababbi farare, na riƙa zama kowace Lahadi ina ciro fim ɗaya-ɗaya, in goge da ƙyalle mai laushi, in sa a sabon ambulan, in rubuta masa lamba. A lokacin na ga cewa wasu daga cikin tsofaffin an yanke musu kusurwa ɗaya, yanka mai tsabta, na almakashi, ba cin ɓera ba. Na lura da shi sarai. Na ce a raina alamar hotunan da masu su suka riga suka karɓa ce. Yayata, wadda ta yi zaman shagon tun tana yarinya, tana gida na uku daga namu. Ban tambaye ta ba. Da na gama na tara tsofaffin ambulan ɗin a bayan gida na cinna musu wuta, ina jin daɗin na yi aiki mai tsari.

Bayan kamar shekara biyu wata malamar jami'a, 'yar ƙabilar Asante, mai shirya baje kolin zane, ta ji labarin akwatin daga bakin wani abokin aikina. Ta zo har gida. Ta cire takalmi a ƙofa, ta gaishe da matata da 'yar Hausar da ta iya, sannan muka koma Turanci. Ta riƙa ɗaga fim ɗin tana hasko shi da hasken taga. Daga baya ta ce akwai makon bikin fasaha da za a yi a gari, an ba ta wani zaure a wajen Oforikrom, tana so ta cika shi da aikin mahaifina kaɗai.

Dole in yi mata adalci. Ta tambaye ni ko mutanen da ke cikin hotunan sun yarda. Na ce yawancinsu sun mutu, masu rai kuma ba wanda zai gane su bayan kusan shekara hamsin. Ta sake tambaya ranar da muka sa hannu a takarda. Na ce ni ne magajin mai shago, na san mutanena.

Malamar ta tafi da akwatin, ma'aikatanta suka sa fim ɗin a na'ura, hotunan suka fito a kwamfuta. Muka zauna muna zaɓa. Mahauta da wuƙaƙensu, 'yan makarantar allo ranar sauka, wani direban babbar mota ya ɗora ƙafa a kan kujera, ango da abokansa sun jera kamar 'yan ƙwallo. Sai ga wata budurwa a kan babur ɗin nan. Ba ta wuce shekara ashirin ba. Rigarta iya gwiwa, kanta ba ɗankwali, an taje gashin ya tashi sama, baƙin tabarau a goshi, hannunta biyu a kan kan babur, tana dariya da dukan bakinta. Haske ya faɗo mata ta gefe ɗaya daidai yadda ake so. Malamar ta ce wanne za a sa a fosta, takardar tallan da za a manna a gari. Na nuna wannan. Na duba hasken, na duba tsayuwar babur, na duba yadda jirgin saman da ke kan ƙyalle ya zo daidai saman kanta. Fuskar ce kaɗai ban tsaya na duba ba.

Ranar Juma'ar da ta zo kafin buɗewa na karanta sanarwar da muryar da na saba. Da na kai ƙarshe na ƙara jimla ɗaya daga kaina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce jama'ar Zango su je su ga iyayensu.

Washegari da safe yayata ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Ka ga abin da aka manna a tashar Tafo?"

"Na gani, Yaya. Ni na zaɓe shi."

"Kai ka zaɓa. To malam mai ido, je ka sake kallo. Ka kalli kuncin hagu."

Akwai fosta ɗaya a jakata. Na ciro ta. A kuncin hagu akwai bille, ya gangaro daga gefen hanci, gajere, ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ga kuma wushirya. Fuska tana tsufa, gashi yana shiga ƙarƙashin mayafi, amma tsaga tana nan inda aka yi ta. Duk macen da ta taɓa zama a gidan rasuwa a unguwarmu ta san wannan billen, don shi take kallo lokacin da Mma ta sunkuyo tana ce mata ta yi haƙuri.

"Ambulan ɗinsa ba yankakke ba ne?" in ji Yaya.

Na ce wane yanka.

"Baba in mace ta ce kada a sa hotonta a gilashin ƙofa, kada a wanke wa kowa, sai ya yanke kunnen ambulan a gabanta. Ni nake miƙa masa almakashin. Kana nufin ba ka sani ba?"

Na ce mata na canza ambulan ɗin, na ƙona tsofaffin.

"Allah Ya shirye ka," ta ce, ba da faɗa ba, ta kashe wayar.

Aikin Mma ba aiki ba ne da ake nema. Ba a naɗa mutum, ba a tsige shi. Idan mace ta rasu, dangi ne suke duba wadda za su bar wa jikin uwarsu a ɗaki a rufe ƙofa, su aika a kira ta. Abin da ake so a wurinta shi ne sanin yadda ake yi, da nutsuwa, da baki mai nauyi. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin Mma ta faɗi abin da ta gani a jikin wata ba, ko ciwo, ko tabo, ko rama. Tana da bokitinta da ƙwaryarta, da ƙunshin ganyen magarya da ake aiko mata daga arewa, da kafur. In ta shigo gida hayaniya takan kwanta da kanta.

Na hau trotro, motar hayarmu, na nufi zauren. Malamar tana kan tsani tana gyara fitila. Da na faɗa mata ta sauko, ta dafe ƙirji, ba ta ce ai na tambaye ka ba, ko da yake tana da ikon faɗa. Nan take ta sa aka sauke hoton daga bango. Amma fosta ta riga ta fita kwana huɗu da suka wuce. Tana jikin bangon tashoshi, tana bayan trotro, tana jikin sandunan lantarki. Abin da ya fi wannan, tana cikin wayoyi. A hanyar komawa na tsaya a wurare uku ina ɓamɓare takarda da farce, masu sayar da ruwa suna kallona. A na huɗu na ga wata yarinya ta tsaya tana ɗaukar fostar da wayarta, na wuce kawai.

Na ce wa malamar ta sauke duk hoton da mace ke ciki, tunda ba ni da hanyar sanin wanne aka yanke wa kunne. Ta sauke. Rabin zauren ya zama fanko, ƙusoshi kawai a bango. An buɗe a haka. Mutanen Zango sun je, fiye da yadda na zata. Wani tsoho ya tsaya gaban hoton mahauta ya nuna ƙanensa da ya rasu tun da daɗewa, wanda iyalinsu ba su da hotonsa ko ɗaya, aka kawo masa kujera. Wasu mata kuma suka tare ni a ƙofa suna tambaya me ya sa maza kaɗai aka rataye, su ba iyaye ba ne? Ɗaya ta ce ta san Baba ya ɗauki uwarta ranar suna, ta taho tun daga Tafo don ta gani.

Kwana biyu na yi ina shirya abin da zan ce wa Mma, kamar yadda nake shirya labari kafin in shiga ɗakin watsa shiri. Na je bayan la'asar. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta.

"A'a, ɗan mai hoto. Yau kai ne da kanka, ba muryarka ba?"

Na fara jawabina. Ban kai jimla ta uku ba ta ɗaga hannu.

"Bar karanta mini labarai. Zauna. Kana da shi a nan?"

Na miƙa mata fostar. Ta goge hannu a zane, ta nisanta takardar daga idonta, ta daɗe tana kallo.

"Rigar ba tawa ba ce," ta ce. "Ta wata ƙawata ce 'yar Asante, muna sayar da koko wuri ɗaya. Ita ta ce ba zan iya sawa ba. Na ce zan iya. A cikin shagon na sa, a cikin shagon na cire. Babanka ya juya baya yana ta tari, wai yana gyara fitila." Ta yi 'yar dariya. "Guda ɗaya ya wanke mini. Yana ƙasan kwallata har na yi aure, har na haihu. Da zan tafi Makka na ƙona shi. Na je na ce masa na ƙona nawa, shi ma ya ƙona nasa. Ya ce shi ba ya ƙona fim, amma ga shi nan da kunnensa a yanke, ba mai gani. Na yarda da shi."

Na ce laifina ne, ba nasa ba. Na ba ta labarin damina da fumfuna da fararen ambulan, da yadda na ce wa malamar ba mai gane kowa bayan shekara hamsin.

"Kai dama tun kana yaro haka kake. In an aike ka sayen gishiri sai ka jera wa mai shago gwangwanayensa."

Na ce zan yi magana a rediyo ranar Juma'a, in nemi gafararta a gaban kowa, in ce a goge hoton.

"Ka yi me? Wanda bai ji ba ma ya ji? Har mutanen ƙauye su shigo mota su zo kallo? Kada ka kuskura. Ka karanta rasuwarka da aurenka ka tashi."

Na tambaye ta ko wani ya faɗa mata magana marar daɗi. Ta ce babu. Limamin masallacinmu ma da suka haɗu a hanya ya gaishe ta kamar kullum, sai dai ya fi kullum kallon ƙasa. Jikokinta kuwa murna suke yi, sun sa hoton a fuskar wayoyinsu, suna cewa ashe kakarsu 'yar gayu ce. "Ba su da laifi," in ji ta. "Ni ma da na gani sai da na ce, oho, ashe na yi kyau."

Na fito ina ganin abin ya zo da sauƙi. Na karɓo fim ɗin kansa daga wurin malamar na kawo mata washegari, ta karɓa ta tura ƙarƙashin tabarma ba ta duba ba.

Bayan kamar mako uku wata tsohuwa ta rasu a layin bayanmu. Aka aika aka kira Mma kamar yadda aka saba. Ni ina waje tare da maza, abin da ya faru a ciki Yaya ce ta faɗa mini. Mma ta shigo da bokitinta, tsakar gida cike da mata. Tana wucewa sai wata budurwa a can gefe ta murɗa hannu a iska kamar mai ba babur wuta, don ta ba ƙawarta dariya. Ƙawar ta toshe baki, dariyar ta kuɓuce ta hanci. Wasu biyu suka kama. Ba ta daɗe ba, wata dattijuwa ta daka musu tsawa suka yi tsit. Amma 'yar marigayiyar tana zaune a bakin ƙofar ɗakin da uwarta take kwance, ta ɗago kai ta ga ana dariya.

Mma ba ta juya ba. Ta shiga, aka rufe ƙofa, ta yi wankan yadda ya kamata, ta sa likkafani, ta fito ta yi wa 'yar gaisuwa, ta ɗauki bokitinta ta tafi gida. Iyayen 'yan matan sun kai su har ɗakinta da yamma suka durƙusa suna kuka. Ta ce ta yafe, ta ba su goro su kai gida.

Rasuwa ta gaba da aka aiko, ta ce a je wurin wata mata a layin masallaci, wadda ta daɗe tana riƙe mata ƙwarya in tana wanka. Ta gaba ma haka. Mata suka yi ƙungiya suka je roƙonta. Yaya tana cikinsu. Ta ce musu ba fushi take yi ba. Ta ce mai wanka in ta shigo gida, mamaciya ake so a tuna, ba ita ba. Yanzu kuwa duk gidan da ta shiga, ko ba a yi dariya ba, akwai mai danne ta, kuma ita tana gani a fuska. Ba za ta kai wannan ɗakin uwar wani ba.

Na koma na roƙe ta ni ma. Na ce mutane suna mantuwa, nan da shekara ba mai tunawa.

"Ɗan mai hoto, kai ne ka ce ba mai gane ni bayan shekara hamsin. Bar yi mini lissafin mantuwar mutane."

Baje kolin ya yi makonninsa aka rufe. Malamar ta dawo mini da akwatin da kanta, ta ce in akwai abin da za ta iya yi in faɗa. Babu. Daga baya an nemi a kai hotunan wani zaure a Accra, na ƙi. Ina ci gaba da karanta labaran baje koli ranar Juma'a. Ni da Yaya mun zauna sau da yawa muna ɗaga fim ɗin a hasken taga, ko za ta tuna waɗanda aka yanke wa kunne. Ta tuna kaɗan. Sauran ta ce ba za ta rantse ba.

Ina zuwa gaishe da Mma duk mako. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Wata safiya ina zaune a gefen tabarmarta wata mata ta shigo da sauri, mayafinta a karkace, ta durƙusa ta ce ƙanwar mijinta ta cika da asuba, kuma tun tana jinya ta ce Mma take so ta wanke ta.

Mma ta yi salati, ta yi wa mamaciyar addu'a, ta tambayi ciwon da kwanakinsa. Sannan ta ce a je layin masallaci.

"Mma, da bakinta fa ta faɗa."

"Na ji, 'yata. Allah Ya ji ƙanta. Je ki kira waccan, hannunta ya fi nawa ƙarfi yanzu." Ta miƙa hannu cikin ɗaki ta jawo ƙunshin magarya, ta ɗebi rabi ta ƙulle a leda. "Ki ce mata ruwan kada ya yi zafi, ta gwada da gwiwar hannu. Mai irin wannan jinyar fatarta ba ta son murza. A bi a hankali ta wajen baya."

Matar ta tsaya jim, ta ga ba za a ƙara komai ba, ta karɓi ledar ta fita tana share ido. Mma ta bi ta da kallo har ta fice daga zaure. Ta jawo farantin shinkafarta, ta ɗora a cinya, ba ta fara tsincewa ba.

"Tashi ka je," ta ce mini. "Ƙarfe goma za su yi mata sallah. Maza ba sa yawa ranar aiki."